Ranar Da Aka Sare Kuɓewar Yara Don A Ƙaddamar Da Noma

Jama'a, ranar Litinin ta makon jiya aka shafe min keke da farar ƙasa. Ba wasa nake yi ba. Na jingine shi a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar firamaren unguwarmu, nan Unguwar Kanawa, kamar yadda na saba tun faɗuwar damina, na zagaya baya wajen yara. Ban yi minti ashirin ba na fito, sai na tarar da wasu samari biyu da bokiti da tsintsiya sun shafe gindin bishiyar fari fat, sun shafe duwatsun bakin hanya, sun shafe turken wuta, sun haɗa da tayar bayan kekena har zuwa kariya. Na ce, "Kai, 'yan samari, lafiya? Keken ma bishiya ne?" Ɗayan ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Baba, cewa aka yi duk abin da ke tsaye a nan a shafe shi." Na yi maza na matsa gefe, don ni ma a tsaye nake.

Duk wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aikin masinja kamar ni Balarabe, ya san fassarar farar ƙasa ba sai an kira masa mai duba ba. In ka ga ana shafe duwatsu, to wani babba ne ke tafe. Ba a shafe dutse don talaka, shi tuntuɓe yake yi da abinsa ya wuce. Na tura kekena rabi fari rabi baƙi zuwa wurin maƙwabcina Ɗayyabu mai faci, ya dube shi ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Barka, Malam Balarabe! Kullum kana cewa aikin raya ƙasa bai taɓa isowa layinmu ba, to ga shi yau ya iso har kan sirdinka." Na ce ya yi ta dariya, shi ma rumfarsa a tsaye take.

Bari in koma baya kaɗan don ku ga inda gizo ke saƙar.

A bayan ajin 'yan aji huɗu akwai wani fili da ya fi shekara goma yana bola: ledar ruwa, fasassun kwalabe, takalmi wari ɗaya, da sauran abin da ba a faɗa a jarida. Malamar ajin, Malama Ramatu, wata 'yar siririyar mace ce wadda in ta sa abu a gaba ba ta ji ba ta gani. Ta ce ita wallahi sai wurin nan ya zama lambu. Ta rubuta wa na sama takarda har sau uku tana roƙon fartanya da iri. Da ni ta fara tambaya da na hutar da ita wahalar biro, don na san inda irin takardun nan ke kwana. Da hannuna na sha ninke su ina tokare ƙafar teburin oga in yana rawa.

Da ta ji shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai ta tambayi yaran wa ke da wani a gida wanda ya iya noma kuma ba shi da aikin yi. Jikata Fadila, 'yar shekara tara, mai bakin tsiya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kakana! Ba abin da yake yi daga safe har yamma sai faɗa da rediyo." To kun ji yadda aka ɗauke ni aiki, ba takarda, ba intabiyu.

Mun sha fama, ba ƙarya. Sati biyu muna kwasar bola. Ɗayyabu ya ba mu tsofaffin tayoyi muka tare gefen da ruwa ke zaizaya. Wata tsohuwa a layin masallaci ta ba mu kashin awaki buhu huɗu, ni na riƙa kai shi a kariyar keken nan, mutane suna toshe hanci suna gaishe ni. Iyaye suka aiko da fartanya, wata ba ƙota, wata ƙotar ce kawai. Yara talatin da biyu, kowa da jerinsa, kowa da sunansa a jikin murfin gwangwani an kafa a bakin jeri. Alayyahu, yakuwa, rama, gyaɗa, kuɓewa. Wani sarkin wayo mai suna Umar ya shuka soyayyiyar gyaɗa, wai don in ta fito a huta da suya. Wata kuma kullum da safe sai ta tone irinta ta duba ko ya tashi, ta mayar ta rufe. Malama ba ta taɓa ɗaukar bulala a kan wannan ba. Sai ta tsuguna ta ce, "To, ku zo ku gani, me ya sa na Umar bai fito ba?" Haka lissafi da kimiyya suka riƙa shiga kan yaran nan ta ƙarƙashin farce.

Ita Fadila kuɓewa ta zaɓa, tushe goma sha ɗaya. Kullum kafin a buga ƙararrawa tana can da rula tana awo, tana rubutawa a bayan littafin Hausa. Ranar da furen farko ya buɗe, ruwan ɗorawa mai ɗan baƙi a tsakiya, da gudu ta zo gida ba takalmi ƙafa ɗaya. Ta yi wa kakarta, mai ɗakina, alkawarin cewa ranar da za a ba da hutu da kuɓewarta za a yi miya a gidan nan, kuma ni ba za a zuba min ba sai na janye maganar da na yi cewa hannunta bai iya riƙe fartanya ba. Malama ta riga ta tsara: ranar hutu, kowane yaro zai tsinki na farkonsa ya kai wa uwarsa. Ranar da aka shafe min keke, kuɓewar nan ta fara 'ya'ya ƙanana kamar ɗan yatsan jariri.

To ta yaya manya suka ji ƙamshi? Hedimasta ne, Malam Yusha'u, bawan Allah marar mugunta. Daɗi ya kama shi ya ɗauki hoton lambun da waya, ya tura wani zaure na hedimastoci. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Hoto ya yi ta hawa bene, daga tebur zuwa tebur, har ya isa inda takardun Malama uku suka kasa isa. Ashe a can sama akwai wani Gagarumin Shirin Komawa Gona Tun Daga Aji, wanda ya shekara biyu ana yi masa taron bita a otal-otal. An yi masa riguna, an yi masa huluna, an yi masa kalanda. Abu ɗaya kawai ya rasa, wato gona.

Ranar Talata da hantsi sai ga wata mota mai baƙin gilashi. Wani matashi ya fito, shadda tana ɗaukar ido, waya biyu a hannu, katin aiki a rataye a wuya. Sunansa Sharhabil, jami'in tsare-tsaren biki, kuma na tabbata autana ya girme shi. Ya sanar da mu cewa ranar Alhamis Mai Girma zai zo da kansa ya ƙaddamar da shirin a wannan makaranta mai albarka. Ba zan faɗi sunan Mai Girman ba, ina son ragowar haƙorana. Mu kira shi Sarkin Almakashi, Allah ya ja zamaninsa, mutumin da bai taɓa ganin ƙyalle a ɗaure ya bar shi ba.

Hedimasta ya washe baki, Malama ta yi murmushi, ni ma har na fara tunanin wace riga zan sa. Muka raka baƙo bayan aji. Ya tsaya ya dubi koren nan shar, ya cire tabarau.

Ya ce, "Masha Allah. Sai dai akwai matsala."

Malama ta ce, "Wace iri, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Ya riga ya tsiro."

Muka dubi juna. Na ce, "Ɗana, ai shi lambu aikinsa ke nan."

Ya yi min irin kallon da ake yi wa tsohon da ya shigo ofis ba sallama. Sannan ya yi mana bayani a tsanake, kamar mai koya wa yara alwala. Ƙaddamarwa, in ji shi, ita ce Mai Girma ya sa shukar farko. Ba a riga Mai Girma shiga mota, ba a riga shi sa hannu a akushi, ba a riga shi zama. To don me za a riga shi shuka? In aka ɗauki hoto yana sa shukar farko, ga rama a bayansa ta kai ƙugun mutum, me 'yan adawa za su ce? Za su ce yaran aji huɗu sun riga Mai Girma tunani. Wannan kuwa rashin ladabi ne, kuma makarantar ce za ta amsa tambaya. Saboda haka gobe za a share wurin tas, a zuba jar ƙasa a daddaɓe, a kafa rumfa.

Malama ta ce, "A share me?"

Ni kuwa na tuno da tsohuwar sana'ata ta lallaɓa manya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga filin ƙwallo can fetal, ko ciyawa babu. A yi a can mana."

Ya ce nan motocin tawaga za su tsaya.

Na ce, "To a ɗaga bikin kwana takwas kacal, yaran su tsinki abinsu, sannan ku zo ku share har da mu."

Ya ce an riga an buga katin gayyata, kuma Mai Girma zai yi tafiya ƙasar waje nazarin yadda ake noman makaranta.

Nan na jefa dabarar da na ɗauka ta fi kowace. Na ce, "To me zai hana Mai Girma ya zo ya yi tsinkar farko? Ga alayyahu ya isa yanka. A ba shi almakashinsa ya yanka, a tafa, a ɗauki hoto, kowa ya huta." Wallahi sai da yaron ya koma gefe ya buga waya, yana ta rusunawa shi kaɗai yana "to, ranka ya daɗe, to, ranka ya daɗe." Ya dawo ya ce shawarar tana da kyau, amma girbi yana mataki na uku ne a takardar shirin, sai baɗi, kuma yana da nasa bikin daban da nasa kwamitin. Ba a tsallake mataki.

Malama ta juya ga hedimasta ta ce, "Malam, ka yi magana mana. Wata biyu yaran nan suna wahala." Malam Yusha'u ya cire hula ya share gumi. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba Balarabe, kai ka san aikin nan. Saura min shekara biyu in yi ritaya. In na ce uffan, wata mai zuwa za ka ji ni a ƙauyen da sai an hau bishiya ake samun sabis." Ban zarge shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga inda nake jin nauyin faɗa, amma tunda na saba tona asirin wasu a shafin nan, bari in tona nawa. Sharhabil ya ciro igiyar awo daga aljihu zai auna inda rumfa za ta zauna. Ya duba hagu ya duba dama, ya miƙo min bakin igiyar ya ce, "Baba, riƙe min nan." Jama'a, kafin kaina ya gama tunani hannuna ya riga ya karɓa. Har da "to, ranka ya daɗe." Shekara talatin da biyar na "kai wannan, ɗauko wancan" ba sa fita daga jikin mutum don an ba shi takardar sallama. Na tsuguna na danne igiyar a daidai bakin jerin kuɓewa, kusa da murfin gwangwanin da aka rubuta Fadila. Da na ɗago kai, ga ta a taga tana kallona. Tagar ajin ba ta da murfi tun zamanin da ake kiran sunana a layin albashi, saboda haka ba abin da ya tsare mata.

Ranar a gida ba ta tsokane ni ba, ba ta ɓoye min hula ba, ba ta kira ni Baba Tsoho mai faɗa da rediyo ba. Ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar baƙo. Ni kuwa da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Laraba da safe ma'aikata shida suka zo da adduna. Malama ta roƙa a bari a tashi makaranta tukuna, aka ce tifar ƙasa tana hanya. Ta rufe ƙofar aji ta ce kowa ya buɗe shafi na arba'in, amma wa zai kalli shafi? Yara talatin da biyu suka taru a taga. Abin da aka yi wata biyu ana reno, minti ashirin da biyar ya ɗauka. Ban ji kururuwa ba, da ma ita aka yi da sauƙi. Sai wata yarinya da ke ta maimaitawa a hankali, "Wancan nawa ne, wancan nawa ne." Ɗaya daga cikin masu saran ya tsaya ya tattara alayyahu ya cusa a buhu, ya ce haram ne a bar abinci ya lalace, matarsa za ta yi miya. Ka ji mai tsoron Allah! Awakin unguwa suka samu walimar da ba su taɓa mafarki ba. Tifa biyu ta juye jar ƙasa mai tsakuwa a kan takin da na yi ta jigila, aka bi da wani inji aka daddaɓe, don kada ƙafar kujera ko takalmin wani babba ya nutse a laka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma rabin haushin na kaina ne.

Da yamma Ɗayyabu ya ce min, "Kai ma da neman magana. Da kun bar wurin yana bola, wa zai taɓa muku shi? Shekara goma bolar nan tana zaune lafiya, ko masinja ba a taɓa aiko mata ba." Na tura kekena na wuce.

Alhamis ta zo. Kai, jama'a, an yi biki, a yaba wa wanda ya cancanta. Rumfa uku, jan kafet tun daga bakin ƙofa, kujeru masu hannun zinare a gaba, na roba a baya, mu kuma inuwar bango. An rataya wani ƙaton ƙyalle mai hoton Sarkin Almakashi yana murmushi a tsakiyar gonar kabeji da ban san a wace ƙasa take ba. An jera yara tun ƙarfe takwas, an raba musu sababbin fartanyoyi masu sheƙi, kowace da ɗan ƙyalle a wuya. Malama ta kalli fartanyoyin nan da ta rubuta takarda uku a kansu, ta kau da kai.

Tara ta wuce, goma ta wuce. Sha biyu yara biyu suka yanke jiki suka faɗi, aka ja su bayan rumfa don kada su ɓata hoto. Sai ɗaya da rabi muka ji jiniya. Na tsaya ina kallon motoci suna shigowa filin ƙwallo har wuyana ya gaji, alhali tun asuba masu Keke Napep ke kwance a layin mai a hanyar Kawo. Maroƙi ya wage baki, 'yan jarida suka ruga, aka buɗe ƙofar babbar motar.

Ba shi ba ne. Sarkin Almakashi wani muhimmin aiki ya riƙe shi, ya wakilta na ƙasa da shi, mu kira shi Magajin Jiniya. Magajin Jiniya shi ma uzuri ya taso masa, ya wakilta wani mai ƙaton tumbi da ko Sharhabil sai da ya leƙa takarda kafin ya faɗi muƙaminsa. Wakilin Wakili ke nan, Allah ya ƙara masa wakilci. Wato dai kuɓewar jikata an sare ta ne don kada ta riga mutumin da bai zo ba.

Wakilin Wakili ya yi jawabi minti arba'in da biyar. Ya ce noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya shi ya tarar. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya nuna jar ƙasar nan da aka daddaɓe ya ce, "Yara manyan gobe, ku dubi wannan fili. Yau ba komai a cikinsa. Amma albarkacin hangen nesan Mai Girma, wata rana za ku ga kore a nan da idonku!" Aka tafa. Na saci kallon yaran. Umar mai soyayyiyar gyaɗa ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

Sai aka zo shukar farko. An riga an fasa wani ɗan rami da diga, don jar ƙasar ta yi tauri fartanya ba ta shiga. Aka sa wa Wakili farar safar hannu, aka miƙo masa dashen mangwaro a cikin baƙar leda, irin wanda ake sayarwa a bakin titin Malali. Ya ɗan sunkuya iya inda tumbi ya yarda, ya jefa shi a ramin, da ledar da komai. Ya tura ƙasa da gefen takalmi. Kowane yaro a wurin nan ya san sai an yage leda ake dasawa, darasin sati na biyu ne. Malama ta san haka, hedimasta ya sani, ni na sani, ina jin har maroƙin ya sani. Ba wanda ya yi tari. In ba a riga babba shuka, ai ba a gyara masa ita. Aka zuba masa ruwan gora ya wanke safar hannun, aka tafa, jiniya ta tashi.

Kafin ƙurar motoci ta kwanta an bi yara an karɓe fartanyoyin, wai za a kai su wata ƙaramar hukuma inda za a sake ƙaddamarwa ranar Asabar. Aka naɗe kafet, aka kwashe rumfa. Aka kewaye mangwaron da waya, aka kafa allo mai ɗauke da sunan wanda bai zo ba, aka gargaɗi maigadi cewa duk wanda ya taɓa shukar Mai Girma a bakin aikinsa. Malama ta roƙi a bar ta ta yage ledar kawai ta mayar, maigadi ya ce ta rufa masa asiri, 'ya'yansa bakwai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan ko kurar ma ba a bari ta ga filin wasan ba.

A labaran yamma na ji rediyo yana cewa an kafa lambun makaranta na farko irinsa a tarihi. Ranar ko faɗan ban iya yi da shi ba, na kashe abina.

Amma Malama Ramatu ba ta san gajiya ba. Litinin ɗin nan da ta wuce ta aiko a kira ni. Ta zo da ragowar iri a ƙulle a ƙyalle, ta ce akwai ɗan siririn wuri a jikin katanga da jar ƙasa ba ta kai ba, damina kuma da saura, kuɓewa za ta iya yi kafin a dawo hutu. Na zo da fartanyata. Malama ta tsaya a gaban aji ta ce, "To, 'yan lambu, wa zai fara?"

Ba wanda ya motsa. Yaran da a da sai an raba su faɗa a kan fartanya marar ƙota, suka zauna kamar an dasa su. Ta sake tambaya. Sai Fadila ta miƙe, ta harɗe hannu a baya kamar mai karanta hadda, ta ce, "Malama, in ta yi kyau za su dawo."

Malama ta tsaya da ƙullin iri a hannu. Me za ta ce? Ta ce ƙarya ne? Ta ajiye ƙullin a kan tebur ta fita waje, na ga tana goge ido da bakin mayafi. Ni ma na saɓa fartanyata na bi bango na fice, don ba ni da fuskar da zan yi wa kowa wa'azi a ajin nan. Na tafi gida ina cewa shi ke nan, an kashe wa yara zuciya, an yi biki an binne ta da jar ƙasa.

Jiya Malama ta tare ni a hanya ta ce, "Baba, kai ka ɗauki irin nan?" Na ce wane iri? Ta ce wanda ta bari a kan tebur, ta dawo ta tarar da ƙyallen a ninke, ba ko ƙwaya ɗaya. Ta tambayi aji, yara talatin da biyu suka ce ba su gani ba, har da masu rantsuwa. Amma ta lura kwana biyun nan, ana tashi ba sa bin hanyar gida kai tsaye, kuma gwiwoyin wandunansu duk laka.

Da na koma gida na tarar da Fadila tana wanke hannu a bakin rariya, tana sakace baƙar ƙasa daga farce da tsinken tsintsiya. Baƙar ƙasa, ba ja ba. Na duba bayan ƙofa, ragowar rabin buhun takin da na ajiye ya yi ƙafa. Wani daɗi ya kama ni. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na sassauta murya na ce, "Ke 'yar nan, a ina kuka shuka? Faɗa min in zo in taya ku. Kin san kuɓewa ba ta son a cusa ta kusa da juna."

Ta ɗago ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, ba tsiwa. Ta ce, "Mun yi alkawari ba za mu faɗa wa manya ba."

Na ce, "Haba, ai ni ba manya ba ne. Ni ne fa, Baba Tsoho."

Ta ce, "Na sani. Amma kai in suka ce ka nuna musu, za ka nuna." Ta zubar da ruwan ta shige ɗaki wurin kakarta.

Na daɗe a kan kujerar nan. Na so in ji haushi, na nemi ta inda zan kama na rasa, don yarinyar ba ta yi min ƙazafi ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, masu Gagarumin Shiri, ina taya ku murna, shirinku ya karɓu fiye da yadda kuka rubuta. A yanzu haka akwai lambu a wani lungu na Unguwar Kanawa, yara talatin da biyu ke nomansa, ba hedimasta, ba malama, ba hoto. In lokacin mataki na biyu ya yi kuna neman inda za ku kafa rumfa, don Allah kada ku wahalar da kanku ku aiko a tambaye ni. Wallahi ba a faɗa min ba. Kuma tsakanina da ku, masu karatu, ko ni ne ita, ba zan faɗa min ba.